Zuwa ga Yaya Lawali, Game da Kwamfutarka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, Yaya, ƙaninka Habibu ne, daga ɗakinmu na unguwar Gubaira, a nan ƙasar da muka zo ci-rani.

Wata bakwai ke nan da muka kai ka makwancinka a maƙabartar Al-Oud. Sai Juma'ar da ta wuce, bayan saukowa daga masallaci, na iya buɗe kwamfutarka. Na jona ƙaramin fiyanon nan naka, na buɗe manhajar kiɗan, na taɓa maɓalli ɗaya da yatsa ɗaya. Sauti uku suka tashi tare. Wallahi sai da na waiwaya.

Ka tuna lokacin da injin warsha, wurin aikinku, ya cinye maka yatsu biyu? Sati uku ba ka kalli fiyanon ba. Rannan na dawo daga aiki na tarar kana dariya kai kaɗai. Ka gano cewa manhajar tana riƙe kod, wato haɗin sautuka: ka danna sautuka ukun da hannun hagu sau ɗaya, ta haddace, daga nan kowane maɓalli ka taɓa sai ta fito da su a haɗe. Ka ce, "Habibu, an mayar mini da yatsuna." Da haka ka ci gaba da haɗa wa mutanen Maraɗi kiɗan suna.

Na canza sautin zuwa sarewa, na canza zuwa garaya. Duk wanda na zaɓa sai ya fito ƙasa-ƙasa, da kauri. Na ɗauka manhajar lalacewa ta yi, na kira Malam Bashir, ɗalibin nan abokinka. Ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. A babban saiti, wanda ke sarrafa kowane sauti, ka sauke komai ya daidaita da muryarka. Ya kai hannu zai mayar da ita yadda ta zo daga kamfani. Ban san lokacin da na riƙe masa wuyan hannu ba. Ya dube ni, ya janye hannunsa.

Na gwada rera waƙarka a kai. Muryata ba ta kai can ƙasa ba. Gurbin yana nan, ba mai shiga.

Duk da haka na naɗi kiɗan kaɗan, na tura wa Inna ta waya. Ta saurara, ta kira ni. Ba ta ko amsa gaisuwata ba, ta ce, "Wannan hannun Lawali ne. Yaushe ya yi shi?"

Yaya, na kasa ce mata jiya ne. Na ce mata da daɗewa. Ban sani ba ko ƙarya na yi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya tashe ka da gaɓoɓinka cikakku. Ya ba Inna haƙuri, ni ma Ya ba ni.

Ƙaninka har kullum,
Habibu