Rawar Motar Likita

Litinin, 3 ga Maris

Yau an kawo min wata jar mota gareji. Ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Sai da na shimfiɗa katako a bakin ƙofa kafin ta iya shiga. Na zaci wani matashi mai baƙin tabarau zai fito, sai ga dattijuwa, ta kai saba'in ko ta kusa, da jaka a hammata. Likitar haƙori ce da ta yi ritaya. Ta ce ranar da ta ajiye aiki ta saya wa kanta, tunda yara sun girma, babu wanda za ta ɗauka a baya.

Ƙorafinta: da gudu ya kai kilomita ɗari da goma a awa sai mota ta kama rawa. Ƙasa da haka lafiya lau.

Na ce, to Likita, me zai hana a riƙa tsayawa ƙasa da haka? Ta dube ni kamar ta ga ruɓaɓɓen haƙori.

Ta ce in shiga mu hau babbar hanya in ji da jikina. Na ce ba sai an je ba, shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki, balansin ne kawai, wato daidaita nauyin tayoyi.

Talata, 4 ga Maris

Tunda ba mai karanta wannan littafi, bari in faɗa. Ban taɓa wuce saba'in ba a tuƙi duk rayuwata. Mutane suna gudu hankali kwance ne don ba su san abin da ke ƙarƙashinsu ba. Ni na sani. Noti biyar ne ke riƙe da kowace taya, kuma na san irin mutanen da ke ɗaure su, don ina cikinsu.

Na kai tayoyin huɗu wurin maƙwabcina mai faci, wanda muke kira Iska. Ya ɗora su a injin balansin, ya manna dalma, ya ce yanzu ko jirgin sama ne ya tashi.

Alhamis, 6 ga Maris

Ta dawo. Rawa na nan.

Asabar, 8 ga Maris

Na yi alayimen, wato saita tayoyi su miƙe. Na girgiza kowace taya da hannu, boris ɗin da take juyawa a kai lafiya. Na shiga rami na haska tocila na duba farfela, sandar ƙarfen da ke juya tayoyin baya, na duba robobin da ke riƙe injin, na shafa faifan birki. Motar nan ta fi ni lafiya, don ni gwiwata ta dama sai da ta yi ƙara da zan fito.

Likita na zaune a benci tana kallona. Ta ce, "Malam bakanike, ni ban taɓa cire haƙori ba tare da na leƙa bakin mutum ba."

Na ce mota daban, baki daban. Ta ce haka ne, mota ba ta ƙarya.

Litinin, 10 ga Maris

Ta sake cewa mu hau hanya. Na ce ina jiran wani kwastoma. Ta zauna ta taya ni jira har awa biyu. Ba wanda ya zo, ko mai tambayar hanya. Iska ya leƙo sau uku yana cewa, "Oga, je ka mana, zan kula maka da gareji." Allah ya raba mu da maƙwabci mai taimako.

Laraba, 12 ga Maris

Yau ɗanta ya zo shi kaɗai. Mutum mai ladabi, ya gaishe ni hannu biyu. Ya ce shi da ƙannensa ba sa barci saboda motar nan, sun daɗe suna roƙon mahaifiyarsu ta sayar. Yanzu sun yi yarjejeniya: idan wata ya ƙare ba a gano matsalar ba, za ta ba da makulli. Ya ce, "Baba, kai take jin maganarka. Ka ce mata motar ba ta gyaruwa, kowa ya huta."

Kowa ya huta. Har da ni. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na ce zan yi tunani.

Alhamis, 13 ga Maris

Na gaya wa maman yara muna cin abinci. Duka na gaya mata, ban da batun saba'in. Ta ajiye cokali ta ce, "Wato za ka yi wa tsohuwa ƙarya a karɓe mata mota, don kada a gane kana tsoron gudu."

Na ce wa ya ce ina tsoro?

Ta ce ranar da za ta haifi autarmu, ni na kai ta asibiti, kuma mai keke ya wuce mu sau biyu. Na ce ai tsayawa ya yi ya sake tasowa. Ta ce eh, tsayawa ya yi ya sha ruwa.

Shekara ashirin da tara ashe ta sani.

Asabar, 15 ga Maris

Mun je.

Shiga motar kaɗai aiki ne, mutum yana zama kamar a cikin kwano. Na ja bel, na sake ja don in tabbatar. Likita tana tuƙi da yatsu uku, tana ba ni labarin jikokinta. Da allura ta wuce tamanin na daina jin labarin. Casa'in, na riƙe ƙofa. Na dai tuna na ce mata, "Ga ta nan, na ji rawar, gefen dama ce."

Ta ce, "Ƙafarka ce. Ba mu kai ba tukuna."

Na duba. Ƙafata ce.

Daga nan ban san abin da ya faru ba, don idona a rufe yake har muka dawo. Da muka tsaya ta ce me na gano. Na ce ina nazari. Na fito na zauna a kan tsohuwar taya, Iska ya kawo min ruwa yana danne dariya har hawaye.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban fita ba. Maman yara ta yi kirki, ba ta yi min gori ba. Tana dai wucewa ta gabana a hankali ƙwarai, wai kada iskarta ta kayar da ni.

Talata, 18 ga Maris

Likita ta zo da safe, ba ta yi dariya ba. Ta ce shekara talatin da biyar tana ganin manyan maza, masu kaki da masu rawani, suna karkarwa a kujerarta. Ta ce wanda ya rufe ido ya fi shan wuya, gara a ba mutum aikin yi. Ta kuma ce ta san ɗanta ya zo. "Yaron kirki ne, so yake ya ajiye ni a falo kamar tulun fure. Idan motar ba ta gyaruwa ka faɗa min, zan yarda. Amma ka faɗa min gaskiya."

Wannan ta fi zagi zafi.

Muka koma, ta ba ni aikin yi: in riƙa faɗa mata abin da zan duba da babbar murya. A ɗari da goma abin ya zo, na gaske wannan karon, bugu-bugu daga ƙasa. Na ɗora yatsa a sitiyari, shiru. A kujera nake jinsa, a ƙugu. To daga baya ne ke nan. Na ce ta cire giya ta sa firi. Injin ya sauka, rawa na nan, ba ruwan injin. Na ce ta taɓa birki kaɗan. Ba canji. Kuma bugun ba mai sauri ba ne irin na farfela, yana tafiya da juyin taya. Ya fi ƙarfi ta gefenta.

Sai na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun ranar farko: yaushe ya fara? Ta ce tun da aka yi mata faci a bakin hanya, tayar baya ta hagu.

Sai da muka dawo na lura ban riƙe ƙofa ba. Hannayena suna da aiki.

Laraba, 19 ga Maris

Ƙafafun motar, wato ƙarafan da ake sa wa taya, ba na kamfani ba ne, ramin tsakiyarsu ya fi kan da suke zama a kai faɗi. Don haka kowanne yana da ɗan zobe na roba da ke daidaita shi a tsakiya. Uku suna da nasu. Na bayan hagu babu. Ya faɗi a bakin hanya ranar faci, taya ta zauna a karkace da abin da bai kai kaurin farce ba. A injin Iska lafiya take, a jikin mota ne take yawo.

Da hannuna na cire tayar nan sau biyu ban gani ba. Wannan ma ba mai karantawa.

Na kai awo wurin mai sassaƙa ƙarfe ya fitar min da sabo na ƙarfe.

Juma'a, 21 ga Maris

Na sa zoben, na ɗaure notin ɗaya bayan ɗaya, mota na sama. Likita ta miƙo min makulli ta zagaya ɗaya kujerar. Ta ce wanda ya yi aiki shi ke ɗanɗanawa.

Na kai tamanin na zauna a nan kamar mai jiran izini. Ta ce bayanmu tirela ce, kuma direban ya fara jin kunya a madadina. Na taka. Ɗari. Ɗari da goma. Ɗari da ashirin. Shiru, kamar ana jan mu da zare. Wani sauti ya fita daga bakina, ban san sunansa ba. Likita ta ce ba ta ji komai ba.

Ɗanta ya kira da yamma. Na ce masa mota ta gyaru, kuma a gaskiya mahaifiyarsa ta fi ni da shi iya tuƙi. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce to a riƙa duba mata birki. Na yi alkawari.

Litinin, 31 ga Maris

Na gaya wa Likita irin wannan zobe yana son gwaji a hanya duk bayan mako biyu, kuma gara wanda ya sa shi ya tuƙa. Iska ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa.

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce Asabar da safe ta fi, hanya ba cunkoso.

Don aiki ne kawai.