Wanda Inna Ta Ce Ba Ta Sani Ba

Tabla, ranar Laraba

Zuwa ga ƙanena Yazid, a Kumashi.

Bayan sallama irin ta Musulunci da gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wagga takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hamida da yara. Allah ya sauwaƙe maka ciwon ƙafar nan da ka ce yana damunka, ya buɗa kasuwa, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya shigo tun ba a shirya masa ba. Gero bana ya yi daidai gwargwado, rumbu bai cika ba amma ba za mu ji kunya ba. Baffa Ɗanjimma ya tashi daga jinya, har ya koma yi wa mutane faɗa a bakin masallaci, ka ga kuwa ya warke ke nan.

Za ka ce me ya sa Yaya Hasiya ta zauna rubutu alhali ga salula. To, kai ka san gidanmu. Duk inda na tsaya da waya kunnen Inna yana wurin, kuma maganar da zan yi maka ba ta yiwuwa sai na kama sunan Yaya Manzo. Shi ya sa na zauna a aji bayan na sallami 'yan lokol, in na gama in ɗauki hoton takardun in tura maka. Ka fara kwantar da hankalinka tukuna, labarin alheri ne. Inna ta gan shi.

Ka tuna bayan girbi na kai ta Yamai wurin likitan ido. Abin da na ɓoye maka shi ne, likitan ya ce idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiya ce take mutuwa a hankali. Maganin ɗigawa jan lokaci kawai zai yi, in an yi sa'a ta kai damina tana gani. A hanyar dawowa muka yi ta tafiya har muka wuce Baleyara. Can sai Inna ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, wai gaskiya ne mutanen da suka riga mu suna cikin akwatin ɗiyar Magagi. Na ce haka ake faɗi. Mota ta yi tafiya mai nisa, sannan ta ce ko na Damana yana ciki. Yazid, sai da na riƙe kujerar gabana. Tun da nake ban taɓa jin ta tambayi wani abu da ya shafe shi ba. Ɗan fari ne, tun yaye Gwaggo ta ɗauke shi ta tafi da shi Damana. In ya zo gaisuwa ya durƙusa kansa a ƙasa, ita kuma ta juya fuska wajen danga ta amsa wa iska. Ranar da sanƙarau ya ɗauke shi, shekara goma sha huɗu ke nan, ɗaki ta shiga ta ja ƙyaure, ba wanda ya ga hawayenta. Hotonsa ɗaya tak da ke hannun matarsa Sakina kuwa ya tafi da ɗakin da ruwa ya rusa.

Ka san Magagi mai hoto na Filinge, wanda yake yawo da kamara a kafaɗa, ba suna ba biki ba kokawa da za a yi a ƙasar Kurfai bai je ba. Da ya rasu ya bar ɗaki guda cike da kaset. Ɗiyarsa Anisa, wadda ta tashi a Yamai wurin dangin uwarta ta yi karatun adana takardu da hotuna, ita ce ta dawo da mijinta da 'ya'yanta ta zauna kan kayan uban. Shekara uku tana juye kaset ɗin nan cikin ordinatar, wato kwamfuta. Kuma ba juyewa kawai ba. Kowane kaset ta yanka shi gida-gida, kowane gida ta rubuta masa gari, da shekara, da sha'anin da ake yi, da sunayen mutanen da suka fito. Sai ka rubuta sunan mutum, na'urar ta jero maka duk inda ya bayyana, har da mintin da za ka same shi. Da na je na ce ta gwada mini da Baffa Ɗanjimma. Wuri goma sha ɗaya ya fito, ɗaya yana tsakiyar fili yana taka rawa da babbar riga, shi da yanzu ko tafi ba ya son ji. Kai ma na rubuta sunanka. Na gan ka a kokawar bayan salla, an kai ka ƙasa tun mai kamara bai gama gyara tsayuwa ba, alhali shekara da shekaru kana ce mana santsi ne ya ɗauke ka. Wurin busasshe ne ƙarau, na duba sau biyu.

Dariyar ba ta daɗe ba. Muka rubuta Manzo, mutum biyu suka fito, ɗaya mahauci ne a Baleyara, ɗaya jariri ranar sunansa. Muka haɗa da sunan Baba, babu. Muka rubuta na Damana, babu. Muka buɗe duk abin da aka ɗauka a Damana muna bi ɗaya ɗaya har la'asar, ba mu gan shi ba. Anisa ta ce akwai kaset takwas da zafi ya narkar, wataƙila a ciki yake, ta ba ni haƙuri. Na dawo gida jikina a sanyaye. Inna tana zaune a bakin ɗaki ba ta tambaye ni komai ba, ni ce bakina ya kasa zama, na ce mata wuta aka ɗauke a Filinge. Allah ya yafe mini. Ta ce to, wuta ai takan dawo. Sati biyu ina kallonta tana zuba ruwa a gefen moɗa maimakon ciki, ina jin kamar ni ce nake rufe mata idon da hannuna. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Sakina ce ta warware, ita ma ba da niyya ba. Na je wurinta ina ta mita, ina cewa mutum ya yi shekara arba'in da huɗu a ƙasar nan amma Magagi bai taɓa juya kamara wajensa ba. Sai ta ce yaya za a ce ba ya ciki, alhali ita ta gan shi da idonta ranar da Anisa ta zo Tabla. Ashe bara waccan, lokacin ina Tillaberi wurin horon malamai, Anisa ta bi ƙauyuka da babban allo tana nuna wa mutane. Sai ta tsayar da hoto ta tambayi wane ne wannan, a faɗa mata ta rubuta. A nan garin an zaunar da tsofaffin mata a gaba, tunda su suka san mutanen da, maza kuma sun tashi zuwa azahar. Da fuskar Yaya ta fito, Anisa don ladabi ta juya ga tsohuwar da ta fi kusa da ita. Ka san ko wace ce. Inna ta kau da kai ta ce ba ta san shi ba, wani ɗan mutane ne. To wa zai yi magana bayan uwa ta faɗi haka? Sakina, wadda ita ma ba ta kama sunan miji, ta ja gyale ta rufe fuska. Sauran matan suka yi ta dariya ƙasa-ƙasa. Anisa tashin birni, ta ɗauka hularsa suke wa dariya, ta rubuta ba a san shi ba, ta wuce gaba. Na rufe Sakina da faɗa, na ce shekara biyu tana riƙe da wannan a ciki. Ta ce to da wane bakin za ta faɗa, kuma wa ya tambaye ta. Na duba na ga gaskiyarta, ban tambaye ta ba.

Washegari motar farko na shiga. Da na kwashe labarin na faɗa wa Anisa, sai ta dafe kai da hannu biyu, ta ce ita kam ta sha jin alkunyar ɗan fari amma ba ta taɓa zaton za ta shigo mata cikin aiki ba. Ta bayyana mini cewa na'urar tana gane fuska ko ba ta san sunan mai ita ba. In fuska ɗaya ta fito a kaset goma, sai ta tara su wuri guda ta ba su lamba, ta jira a faɗa mata suna. Waɗanda ba a sani ba sun haura ɗari shida. Ta ce a ware na Tabla kawai, suka dawo talatin da 'yan kai, ƙananan fuskoki a jere kamar hoton katin ɗan ƙasa. A layi na uku na gan shi, hula a ture baya yadda ya saba. Yatsa kawai na ɗora a kan gilashin. Anisa ta matso mini da ordinatar ta ce ni in rubuta sunan da hannuna. Na rubuta, ta danna, wuri bakwai suka fito. Ga shi a gayyar gonar Baba, ga shi a kasuwar Baleyara yana duba haƙoran rago, ga shi ranar aurenka yana raba goro yana ɓoye wasu a aljihu.

Da hankalina ya dawo na dubi sauran fuskokin, sai dariya ta kama ni har da hawaye. Kusan duk na san su. Wannan ɗan farin Tanne ne, wancan mijin wance ne da ta zauna a gaba ranar, wancan surukin wance. Mutanen da aka fi kowa sani a garin nan su ne aka tara a gidan waɗanda ba a sani ba. A zama ɗaya na ba ta suna ashirin da shida. Ta ce ke nan duk ƙauyukan da ta bi haka abin yake, sai ta sake zagayawa tun daga farko. Na ce wannan karon ta rabu da iyaye da matan aure, ta nemi taubasai da abokan wasa, su za su ba ta suna har da laƙabin da mutum ba ya so. Ta rubuta wannan a littafinta.

Ranar Alhamis da hantsi Anisa ta zo da kanta, da allon da batir. Muka kafa a ɗakin Inna muka ja labule, don idon ya fi kama haske in wurin da duhu. Inna ta sallami kowa, har Sakina. Anisa ta nuna mini inda zan danna ta fita, ni aka bari don dole sai da mai dannawa. Inna ta zauna a karkace, kafaɗarta ce take fuskantar allon, carbi a hannu. Na zaɓi gayyar, daminar dubu biyu da uku. Muryarsa ce ta fara zuwa, yana ce wa na bayansa su ɗaga hauya rana tana yi. Carbin ya tsaya. Ya kai ƙarshen kunya ya miƙe, makaɗi ya jefe shi da wata magana, ya ɗaga kai ya ƙyalƙyale da dariya. Nan na tsayar, na ƙara girman fuskar har ta cika allon, na sunkuyar da kaina ina kallon tabarma don kada ta ji nauyina. Mun daɗe a haka. Sai na ji motsin zanenta. Ta juyo, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta bi shi da idon daman a hankali tun daga hula har haɓa. Ta ce in mayar baya. Sau huɗu ina mayarwa. Daga nan ta ce ya isa, in buɗe labule in kira baƙuwa a ba ta fura. Ni dai da na fito, nauyin da na ɗauko tun daga Yamai ya sauka. Ko gobe idon ya rufe, alhamdu lillahi, mun riga shi.

Anisa ta zuba duka bakwai ɗin a salulata, zan tura maka in na samu wurin da waya take kamawa da kyau. Ka nuna wa yaranka su ga baban da ba su sani ba. Ka gaishe mini da Hamida ƙwarai, ka ce mata man zafin da ta aiko ya yi wa gwiwata amfani. Ka gaishe da Mansur da Muna, su riƙe karatu. Baffa Ɗanjimma yana gaishe ka, kada ka kuskura ka yi masa zancen rawa. Sakina da yaranta suna gaisuwa, haka mutanen Damana.

Saƙon Inna na bari ƙarshe. Tun ranar Alhamis ba ta ƙara tayar da zancen ba, sai yau da safe da na ce mata zan rubuto maka. Ta ce tana gaishe ka, Allah ya yi maka albarka. Har na kai ƙofa ta kira ni, ta ce in tambaye ka ko kai ka san na Damana yana da wushirya. Ta ce irin ta mahaifiyarta ce sak. Ta ce ba wanda ya taɓa faɗa mata.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Hasiya