Ban Taɓa Ɗaga Zanen Surukata Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da yara, ina gaishe ku da kyau, ina gaida admin da ta yi haƙurin sauraron muryata ta rubuta muku, domin ni ban taɓa zama a aji ba, waya ma danna wajen magana kawai na iya. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara min harshe, kada ta sa sunana, amsoshinku kuma ta karanto min. Don Allah ku ba ni shawara. Wanda ya san "Allah sarki Hajiya" kawai zai ce, ya riƙe abarsa, ba tausayi na zo nema ba.

Ni tsohuwa ce, na doshi saba'in, a Wudil nake zaune yanzu, amma abin ya faru ne a ƙauyen maigidana can wajen Utai, a shekarun da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, samari suka jingine fartanya suka tafi Kano aikin titi da gini, kowa ya dawo da rediyo a rataye da agogo a hannu. Malam, maigidana, yana cikinsu. Alhamis da yamma yake dawowa, ya ci kasuwar Juma'a, Asabar ya koma. Gida sai ni da mahaifiyarsa, Inna. Ina shekara biyu da aure ɓarin jikinta na dama ya shanye, ta faɗi a bakin murhu, daga ranar ba ta ƙara takawa ba. 'Ya'yanta mata duk suna gidajen aurensu, mafi kusa tana Lajawa da goyo, jinya ta dawo kaina.

Kada wani ya ɗauka ƙin ta nake yi. Inna mutuniyar kirki ce, ga barkwanci, ko da bakinta ya karkace ba ta daina ba. Idan miya ta yi lami sai ta ce, "'Yar nan, gishirin naki shi ma Kano ya tafi aikin titi?" Malam ya sayo mata gadon ƙarfe da katifar soso, da wata leda mai kauri da ake shimfiɗawa don kada fitsari ya ɓata katifar, maƙwabta har zuwa kallon gadon suke yi. A kai take kwance rigingine dare da rana, fuskarta na kallon ƙofa, don ta ga mai shiga da fita. Ni ke ba ta kunu a baki, ni ke wanke tsummokaranta, ni ke tsefe mata kai.

To amma mu a gidanmu an hore mu cewa suruka ba a kallon jikinta. Sunanta ba na faɗa, abinci ba na ci a gabanta, balle in yaye mata zane. Idan zan goge mata jiki, sai in tura hannu ta ƙarƙashin zanen da tsumma da ruwan ɗumi, fuskata na kallon bango, ita ma ta runtse ido ta riƙe bakin zanen da hannunta mai lafiya. Tsumman da ya jiƙe zare shi nake yi ta gefe in tura wani. Haka muka yi ta yi, ni ina ganin tarbiyya ce, kowa ma haka ya gani.

Wata rana farar mota ta tsaya a ƙofar gidan mai unguwa, aka sauke 'yan mata huɗu da fararen kaya da malamarsu. Aka ce ɗalibai ne masu koyon aikin lafiya, an turo su firaktikal, su bi gida gida su duba tsofaffin da ke kwance. Ɗaya ta shigo mana, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, 'yar birni, da littafi a hannu. Gaskiya ta durƙusa ta gaida Inna yadda ya kamata. Sai ta tambaye ni yaushe rabon da a juya Inna. Na ce ita waina ce da za a riƙa juya ta? Ba ta ji haushi ba, har murmushi ta yi. Ta ce duk bayan sallah a juya ta, wannan gefe sannan wancan, da hantsi ma a ƙara, a sa mata matashi tsakanin gwiwoyi, kada ledar nan ta riƙa taɓa fatarta, sannan kullum da safe a ɗaga zane a duba ƙasan baya da kwankwaso da dugadugai, idan aka ga wuri ya yi ja bai washe ba, a yi maza a faɗa. Tana gama faɗa ta miƙa hannu za ta ɗaga zanen.

Na cafke wuyan hannunta. Na gaya mata maganganu, na ce idan a birninsu haka ake yi wa iyaye, mu nan ba a yi, boko bai isa ya tone wa uwar mijina asiri ina tsaye ba. Ta ce, "Yaya, ba tsiraici nake nema ba, fata nake dubawa." Na ce ga hanya nan. Inna ta kalle ni, ta kalli ƙofar da yarinyar ta fita. A lokacin na ɗauka godiya ce take min da ido. Yau ban san me kallon nan yake nufi ba.

Bayan sati biyu suka dawo. Na hango motar ta saman danga, na tare yarinyar a zaure na ce Inna barci take yi. Ta san ƙarya ce. Ta ce, "To ko ke kaɗai ki duba, ba sai na gani ba. Idan kin ga ja ki aika gidan mai unguwa, muna zagaye har ƙarshen wata." Na ce na ji. Jama'a, ni mace ce mai sa ido, a gidan nan ko ƙwai kaza ta yi a bayan rumbu na sani, ko allura aka ɗaga na sani. Wuri ɗaya aka ce in duba, na ƙi, don kada ya zama 'yar boko ce ta koya min jinya.

Sai wari ya fara. Na ce fitsari ne, na ƙara wanki. Bai tafi ba. Na sayo turaren wuta, safe da yamma kasko yana ci, masu zuwa dubiya suna cewa ɗakin mara lafiya kamar ɗakin amarya, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Inna ta daina barkwanci. Idan na zare tsumma sai ta cije leɓe, hawaye ya bi gefen idonta. Sau ɗaya ta ce min, "'Yar nan, bayana." Na ce sannu Inna, gajiyar kwanciya ce, na shafa mata man shanu a kafaɗa. Daga nan zazzaɓi ya rufe ta, Malam ya kawo rubutu ya kawo ƙwayoyi daga kemis, shi ma ɗa namiji ba zai ɗaga zanen uwarsa ba. Ranar wata Laraba da hantsi ta cika, bai ma dawo daga Kano ba.

Gwaggo, ƙanwar mahaifin Malam, ita ta yi mata wanka, ni ina zuba ruwa. Da muka juya ta, zanen ya manne. A ƙasan bayanta akwai rami, baƙi, dunƙulen hannuna zai shiga. Ba zan ƙara kwatanta muku ba. Na dakata da zuba ruwan. Gwaggo ta kalle ni ta ce, "Zuba ruwa." Da muka gama ta ce abin da aka gani a wajen wanka ba a fita da shi, in riƙe bakina har kabari. Ita ta riƙe nata, ta rasu ba ta gaya wa kowa ba. Ina da ciki a lokacin, na haifi mace, aka mayar da sunan Inna, muke kiran ta Ummi. Tun daga ranar ban ƙara kunna turaren wuta ba, mutane suna cewa ciwon kai yake sa ni.

Yanzu ga inda nake. Ummi ta yi karatun nas, yau malama ce a wata kwalejin lafiya, ita ke koyar da kos ɗin kula da tsofaffi a gidajensu. Malam kuma shekara uku ke nan yana kwance, ciwon mahaifiyarsa ne ya same shi. Duk bayan sallah ina juya shi, da hantsi in ƙara, matashi tsakanin gwiwoyi, leda ba ta taɓa fatarsa, kullum da safe sai na duba bayansa da idona. Abin da ɗalibar nan da na kora ta faɗa a tsaye cikin minti kaɗan, ban manta ko ɗaya ba. Watan jiya Ummi ta duba shi ta ce, "Hajiya, shekara uku ko ja babu, wallahi a asibiti ma ba kowa ke iya wannan ba." Sai ta ce ɗalibanta idan an tura su ƙauyuka a zaure ake tare su, matan gida ba sa bari a ɗaga zane, yaran su dawo suna cewa jahilci ne kawai. Tana so in je ranar Alhamis mai zuwa in zauna a gabansu in yi musu bayani. Ashe har ta riga ta gaya musu, wai mahaifiyarta ba ta yi boko ba amma ta yi jinyar kakarta har ƙauye ya shaida, yanzu ga ta tana jinyar babanta.

Na ce ba za ni ba, ni ba malama ba ce. Ta ce to wa ya koya min juya mara lafiya, na ce idona. Ta ce kullum haka nake, ba a tambayata abu in ba da amsa kamar mutane. Na ce idan lacca take so ta je ta nemi masu satifiket irinta. Ta tashi ta tafi ko abinci ba ta ci ba. 'Yar fari ce, dama ba mu saba doguwar magana ba, ga shi sunan Inna ne a kanta, ta ina zan fara? Malam yana jin mu daga ɗaki, da na shiga juya shi ya ce, "Ki je mana, ki gaya musu yadda kika yi wa Inna."

Idan na je na karɓi yabon nan, na zauna a gaban yara na yi ƙarya da furfurata, kuma su koma ƙauye su ci gaba da miƙa hannu kan zane ana korarsu. Alhali ni na san abin da zai buɗe musu ƙofa, domin ni ce matar da ke tsaye a zaure. Da yarinyar nan ba ta miƙa hannu a gabana ba, da ta tambayi Inna da kanta, ko ta ce a kira wata tsohuwa ta gida irin Gwaggo ta duba, wataƙila da na kauce. Ba laifinta nake gani ba, gaskiya ta faɗa, ban ma san ko tana raye ba in nemi gafararta. Amma wannan ba a littafi yake ba, kuma ba zan iya faɗarsa ba sai na faɗi ramin da na gani.

Idan kuma na faɗa, yaran yanzu kowa da waya a hannu, kafin magariba bidiyo ya isa wajen ƙannen Malam, daga nan ya shigo ɗakinsa. Mutum ne mai hawan jini, abin da ya rage masa a duniya shi ne yarda da ni, ni ke ɗaga shi ni ke kwantar da shi. Na yi tunanin in ce wata mata ce na sani, amma Ummi ba yarinya ba ce, tana jin turaren wuta za ta gane. Sannan ga maganar Gwaggo. Zanen da na ƙi ɗagawa Inna tana da rai, lokacin da zai amfane ta, shi zan je in ɗaga a gaban baƙi bayan shekara kusan hamsin? Masu ilimin addini a cikinku ku gaya min, wannan tona asirin mamaci ne ko ceton masu rai?

Ku faɗa min gaskiya ko da za ta yi min ɗaci. In je in faɗa duka? In kira Ummi ita kaɗai in gaya mata, ta san yadda za ta koyar ba da sunana ba, in ɗauki duk kallon da za ta yi min? Ko Malam ne ya fi cancanta ya fara ji, tunda uwarsa ce? Ko in yi shiru yadda aka umarce ni? Alhamis saura kwana shida.

Abu na ƙarshe, don ku san ba yabon nake jin tsoron rasawa ba. Duk lokacin da na juya Malam na gyara masa matashi, addu'a ɗaya yake min, ya ce, "Allah ya ba ki masu yi miki yadda kika yi wa Inna." Sau shida a rana. Shekara uku ke nan ban taɓa cewa amin ba, shi yana ɗauka kunya ce.