Hitar motarka ta daina zafi

Ƙanena Bashiru,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Rabi da yara. Ya sanyin Kanada? Mu nan Zongon Kumasi sai godiya.

Mma ta ce hitar motarka ta daina ba da zafi. Na san abin da ka yi, tamostat ka cire, yadda na koya maka a gareji. Mu a Kumasi saboda rana muke cire shi. Can kuwa in babu shi injin ba zai yi zafi sosai ba, alhali ruwan injin ne ke ɗumama cikin motar. Ka mayar da shi, ka duba ruwan lagireto.

Tun ranar da ka turo hoton motarka Mma ke bin gidaje da shi, har lalacewarta abin alfahari ne. Ni shekara ashirin ina kwance ƙarƙashin motocin mutane, trotro, motar haya, nake hawa zuwa gareji a Oforikrom, ba ta taɓa nuna wa kowa hotona ba.

Ka gaida Rabi, ku sa mu a addu'a. In mota ta gyaru, ka gaya wa Mma wanda ya gyara. Daga bakinka kawai take ji.

Yayanka,
Iliyasu