Fistin Na Takwas Yana Wurina

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Sabi'u.

Bayan gaisuwa ta girmamawa irin ta ƙani ga wansa, ina sanar da kai ina nan Guangzhou ta ƙasar Sin, a ɗakinmu na unguwar Dengfeng. Lafiyata ƙalau. Ina ci, ina sha, ina sallah. An ce ka rasu.

Aikenka ya kammala. Fistin takwas sababbi fil da ringinsu, an naɗe su a takarda mai maiƙo. Tsohon da ka zare daga injin motarka ka ba ni samfur, shi ma an dawo mini da shi. Yana nan cikin safarka da ka ƙunshe shi.

Sai da na sha yawo. Duk shagon da na nuna shi, sai a jujjuya a ce "meyo", wato babu. Wa zai ajiye kayan motar Amurka da ta girme ni? Daga ƙarshe na sami wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe. Ba ya jin yarena, ba na jin nasa. Sai na cika kumatu na yi masa kukan silinda takwas tana sulo: gudum, gudum, gudum. Ya ajiye sigarinsa, ya ɗaga yatsu takwas.

Kai ka san inda na ƙware a wannan kukan. A garejinmu na Ƙofar Ruwa, da ka tafi alwala sai in laɓe bayan motar, in kafa baki a bututun salansa. Sau nawa ka rugo da buta a hannu, ƙafa ɗaya a wanke? Mota ba batir, ba kafireto, amma kullum sai ka rugo. Kakan ce, "Habu, ranar da zan rama, wallahi sai ka yi kuka."

Shi ya sa da Kawu Isa ya bugo waya ya ce zazzaɓi ne, har an kai ka, dariya na yi. Na ce a gaya maka wannan ba ta ci ba, ka sake dabara. Sai na jiyo muryar Inna a bayansa.

Har yau ban yi kukan ba, Yaya. Na jira shi, bai zo ba. Garin nan kowa idonsa na kan talabijin, ana ta gudu da tsalle a wasannin Olamfik, a waje kuma ana ta duba fasfo. Ni ma ina kallon. Ɗan Maraɗin da muke ɗaki ɗaya ya ce in yi haƙuri, na ce to. Ya turo mini shinkafa, na cinye.

Jiya Kawu ya sake kira. Mai filin garejin yana son wurinsa, 'yan gwangwan kuma sun zo sun zagaye motar suna ƙwanƙwasa ta. Wai tunda mai ita ya tafi, a ɗora ta a sikeli a huta. Ƙarfe ce a wurinsu. Ba su gan ka kana wanke bulok ɗin injin nan da tsohon buroshin haƙori ba.

Na ce a'a. Ya zaci tsokanar ce, kamar kullum. Sai da na rantse masa sannan ya yarda. Na ce a tura ta ƙofar gidan Inna, a rufa mata tamfol har in zo. Fistin ɗin ba zan kai su tashar jiragen ruwa ta Huangpu su jira kwantena ba. A jakata za su taho, ko da zan bar kayan sawata a nan.

Ban iya ɗaure kan silinda irin naka ba, daga tsakiya zuwa gefe, a hankali kamar mai gyara wa jariri kwanciya. Amma ni ke miƙo maka sifana, na ga yadda kake yi. Zan gwada.

Ɗazu na cika kumatu in yi kukan nan ni kaɗai. Iska kawai ta fito.

Allah Ya jiƙanka, Yayana. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta, Ya ba Inna haƙuri. Ni kuma Ya ba ni ikon tayar da ita. Ranar da ka jiyo gudum-gudum daga ƙofar gida, ba ni ba ne. Ita ce. Ba sai ka rugo ba.

Ƙaninka,
Habu