Kafin Ki Hau Kili

Dinah,

Na kai Mama Kafanchan duba ido, kina barci ban tashe ki ba. Ki yi haƙuri da maganar jiya. Ba rowar Kili nake yi miki ba. Tun rasuwar Baba ne ban iya ganin kowa a bayan dokin nan. Ki hau, ki je ki ga gonar citta.

Sirdin yana rataye bayan ƙofar ɗakin Baba. Shi ne wanda Malam Hammawa ya ɗinka da fata da auduga, shekarar da na katako ya yi wa Kili gyambo. Babu katako a cikinsa, shi ya sa yake juyawa. Ki fara shimfiɗa tsohon bargon nan ninki biyu. Ki ɗaure majayi, wato ɗamarar sirdin, ki ja Kili ya ɗan taka, ki sake ɗaurewa, don yakan kumbura ciki. Kada ki taka likkafa daga ƙasa, sirdin zai zame da ke. Ki hau daga kan turmi, yadda Baba yake ɗora mu ran Lahadi in za shi wa'azi.

In kun kai bakin rafi zai tsaya da kansa. Kada ki buge shi. A nan Baba yake yin addu'a, shi kuwa har yau ba ya ɗaga ƙafa sai ya ji an ce amin. Ki ce masa.

Yayanki,
Gershon