Gandar Habibu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa. Ya jikinka, ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Kura alhamdu lillahi, tumatir ya yi kyau bana.

Ɗanka Habibu ya zo hutu daga jami'a da wata farar fata a kwano. Innarmu ta ɗauka ganda ce, har ta wanke za ta jefa a miya, sai ga shi a guje: "Inna, tsaya! Aikin karatuna ne!" Wai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani ne suke saƙa ta a saman ruwan rake. Shi kuma yana gyara ta don likitoci su shimfiɗa a kan ƙuna, sabuwar fata ta tsiro a ƙarƙashi. Ba a gwada tasa a jikin mutum ba tukuna.

Inna ta kama hannunsa, wanda tukunyar turara shinkafa ta ƙona yana rarrafe, ta daɗe tana shafa tabon. Ta ce, "Je ka gama. Kada ɗan wata ya yi kukan da ka yi."

Yaya, wallahi ka haifi ɗa. Ka sa shi a addu'a, ka gaishe da maiɗakinka Yaya Hajara.

Ƙanwarka,
Rabi